Wa Ya Sassaƙa Kalangun Shata?

Babu ɗalibin Hausa da zai kammala shekarunsa a jami'a bai ci karo da Alhaji Mamman Shata ba. Muna haddace waƙoƙinsa, mu feɗe jigonsu da salonsu, mu ci jarrabawa da su. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma daga lokacin an yi ta rubutu har yau. Mun san garinsu, Musawa, mun san ya rasu a 1999. Amma fa akwai tambaya guda wadda in an jefa mana ita a aji za mu yi tsit: wa ya sassaƙa kalangun da aka yi masa kiɗa da su? Wa ya jeme fatar, wa ya ɗaure tsarkiyar? Wannan mutum shi ne abin da nake so mu tattauna a kai.

Abin da ya ta da mini wannan magana shi ne Bata. Duk wanda ya san Kano ya san wurin nan da Fagge ta haɗu da Sabon Gari. Fagge tsohon zangon fatake ne, Sabon Gari kuwa ta kafu ne bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911. Sunan wurin ma ba Hausa ba ne, sunan wani kamfanin takalma ne da aka kafa a garin Zilin na ƙasar Cek a 1894. To, mai karatu ya duba wannan al'amari: garin da Bature matafiyi Barth ya zo a 1851 ya tarar takalman dukawansa suna ƙetare Sahara, shi ne aka wayi gari wata babbar mahaɗarsa tana amsa sunan takalmin inji. Abin da ya sami takalmi a jiya, ina ganin shi ne yake samun kayan kiɗa a yau.

A Bata kiɗa ba ya yankewa daga hantsi har dare. Ga masu sayar da rediyo da lasifika, ga masu tura waƙoƙi a waya, kowa ya ƙure murya. A cikin waƙoƙin nan sai ka ji kamar kalangu, ka ji kamar sarewa, ka ji kamar shantu. Amma ba ko ɗaya. Fiyano ce take kwaikwayonsu. Tun wajejen ƙarshen shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 yana cikin waɗanda suka yaɗa irin wannan kiɗa. Ba na zagin fiyano. Ta ba dubban samari da 'yan mata abin yi, kuma Hausawa sun ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. Sai dai mu tuna cewa mai kwaikwayo yana bukatar wanda zai kwaikwaya.

Kawuna yana da ɗan shagon gyaran lasifika a wajen, kuma nakan taya shi zama lokacin hutu. Wata rana wani dattijo makaɗi ya kawo gyara, da kalangunsa rataye a kafaɗa. Na lura rabin tsarkiyar igiyar leda ce. Na ce, "Baba, ina tsarkiyar fata?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wanda yake yi mini ya riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yansa biyu, duk adaidaita sahu suke ja." Sa'an nan ya matsa kalangun a hammata ya ɗan taɓa, ya ce in saurara. Ni ban ji wani bambanci ba. Shi kuwa ya ce fata tana bin hannu a hankali, leda kuwa sai ta fizge, saboda haka akwai kalmomin da yanzu kalangun nan ba ya iya faɗa daidai.

Maganar dattijon nan ilmi ce, kuma iliminmu ne na ɗaliban harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, watau hawa da saukar murya suna sake ma'anar kalma. Kalangu yana magana ne domin in an matsa tsarkiya fata takan ɗame murya ta hau, in an saki ta sauka. Ashe ke nan wanda ya haɗa kalangu ya san karin sautin Hausa da hannunsa tun kafin mu mu koya a allo.

Kuma ba mutum ɗaya ne yake haɗa shi ba. Masassaƙi ne zai nemo ice, irin su alilliba, ya fafe kangon, ya tsuke tsakiyarsa. Majemi ya gyara fatar akuya. Sa'an nan a ɗinke, a ɗaure. Goge kuwa ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, aka ja mata izgar doki, ana shafa ƙaro don ta yi kuka, kuma kukuma ƙanwarta ce. Taushi da kotso, irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da makaɗan fada, ana manna musu nake a tsakiyar fata don amo ya zauna. Kakaki aikin maƙeran fari ne, kuma Tarihin Kano ya lasafta shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kawo. Kowane ɗaya yana da jama'arsa: kalangu na mahauta, garaya ta maharba, dundufa ta maƙera, tambari na sarauta.

Kada kuma a ɗauka masu wannan sana'a ba su san zamani ba. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zagaya duniya da shi har rasuwarsa a 2015, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ja masa tsarkiya ɗaya. Wanda ya dubi gwangwanin da aka yar ya ji kiɗa a cikinsa, ai ba za a kira shi mai ra'ayin riƙau ba.

Bari in kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, Masedoniya ta Arewa, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fito daga tsohuwar Yugoslabiya. Turkawan daular Usmaniyya sun mulke ta kimanin shekara 500, har zuwa 1912. Suna da wani abin busa da suke kira zurla, ana busa shi tare da wata babbar ganga mai suna tapan. Duk Bakanon da ya rufe ido ya saurara zai rantse algaita ce da ganga ranar hawan Sallah, har kumburin kumatun mai busar iri ɗaya ne, domin zurla da algaita dangin juna ne. Suna kuma da kaval, sarewar makiyaya, da gajda, wadda salkar fatar akuya ko tunkiya ce aka sa wa bututun busa. Su ma ƙauyukansu sun zube, samari sun tafi birni da ƙasashen waje, kayan kiɗan lantarki sun shiga bukukuwa. Amma a 1949 aka kafa ƙungiyar rawa da kiɗa ta ƙasa mai suna Tanec a birnin Skopje, gidan rediyon birnin kuma ya riƙe ƙungiyar masu kayan gargajiya, wadda gwanin gajda Pece Atanasovski, da ya rasu a 1996, ya daɗe yana jagoranta. A ƙauyen Galichnik ana yin bikin aure na gargajiya kowane watan Yuli da zurla da tapan. Darasin a fili yake: inda makaɗi yake da abin yi, mai ƙera masa kaya yana da ciniki, inda kuwa akwai ciniki ɗa zai tsaya ya koya a wurin ubansa.

Mu ma ba mu rasa madogara ba. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take tinƙaho da su. Mun yi murna. Amma a cire kakaki da algaita da tambari daga hawan nan a gani, me ya rage in ba sukuwar dawaki ba? Waɗannan kaya kuwa ba a sayo su daga Sin. Wani ne yake zaune a zaure yana yin su, kuma shekarunsa suna tafiya.

Na san abin da yake hana mu kusantarsu. Al'adarmu tana yi wa kiɗa kallon roƙo, ɗan boko kuwa ba ya so a gan shi tsugune gaban masassaƙi. Ga shi kuwa littafin da aka fi komawa gare shi don sunayen sassan kayan kiɗanmu, baƙi biyu ne, Ames da King, suka wallafa shi da Turanci a 1971. Malamanmu irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Saura mu.

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya tamu abu uku. Na farko, cikin masu neman kan maganar kundin digiri, waɗansu su bar jigo da salo su je su zauna da mai haɗa goge ko kotso, su rubuta sunan kowane sashe da kowane mataki, su ɗauka da waya tun da tana aljihun kowa. Na biyu, ranar makon Hausa mu gayyato masu ƙera kayan, mu zaunar da su a kan kujera, ba makaɗa kaɗai ba. Na uku, mu yi karo-karo mu sayi kalangu da gurmi da kukuma daga hannunsu a farashin da suka faɗa, a ajiye a sashe inda ɗalibi zai taɓa, domin yabo ba ya sayen hatsi.

Mun ci digiri da waƙoƙin mutanen nan, malamanmu sun ci ƙarin girma da su. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Allah Ya ba mu ikon biyan bashin tun masu shi suna raye.