Kada A Yi Fito Da Dare

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Managil ya san hanin iyaye mata: ba a fito da dare, domin mai fito kira yake yi, bai kuwa san wanda zai amsa ba. Maƙwabtanmu Larabawa ma haka suke kwaɓar 'ya'yansu. Ashe Turawan Ingila su ma suna da wannan tsoro, har sun yi wasan talabijin a kansa.

Wani malamin Jami'ar Kambirij, M.R. James, shi ya buga labarin a 1904. A 1968 Jonathan Miller ya shirya wa BBC wasan, Michael Hordern ya fito a matsayin wani farfesa mai ji da ilminsa. Farfesan ya tafi hutu bakin teku, ya tsinci usur a tsohuwar maƙabarta, ya busa. Da safe ya yi ta yi wa masu yarda da fatalwa ba'a. Can wani dare sai zanen ɗaya gadon, wanda ba kowa a kansa, ya motsa, ya miƙe. Babu jini, babu ƙaho, hoton ma baƙi da fari ne. Amma mu da muka kalla a wayar samarinmu, tsigar jikinmu sai da ta tashi, don farin ƙyalle da ya tashi shi kaɗai, a idonmu likkafani ne.

To, mu ma muna da namu. Kakanninmu sun taho da labaran fatalwa ta hanyar hajji, wasu tare da Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu daga baya, da aikin auduga ya buɗe a Jazira da Managil. A nan suka tarar da ba'ati, mamacin da ake cewa yana tashi yana magana ta hanci. Da daddare, bayan an taso daga hawasha, tsofaffi kan ba mu labarin wanda ya raina gargaɗi, ya ɗauki abin da ba nasa ba, har ya gamu da gamonsa.

Bambancin shi ne, na Turawa an rubuta, an ɗauka a hoto. Namu yana bakin tsofaffi kawai. Yaranmu da yawa yanzu in an yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Sun san ba'ati, ba su san fatalwa ba. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya raba jikoki da yawa da kakanninsu.

Saboda haka 'yan'uwa, wayar da muke kallon na wasu da ita tana ɗaukar murya. Mu zauna gaban Iya da Kaka, mu roƙe su su ba mu, da Hausarsu, mu ɗauka mu adana tun suna raye. Allah Ya ja kwanansu, Ya ba ƙasarmu lafiya, amin.