Lokacin da Muka San Inda Muka Ajiye

Duk wanda ya riski shagunan buga takardu na cikin birni a farkon shekarun 2000, daga Sabon Titi zuwa bakin Ƙofar Nassarawa, zai tuna kwamfutar wancan zamani: ƙaton akwati ɗan Beljiyam wanda ƙurar hunturu ta mayar da farinsa ruwan ƙasa, allo mai ƙeya da ba ya ɗaukuwa sai da nishi, ƙyallen da ake lulluɓe su da shi in an tashi, ga ƙaramin janareta a bakin ƙofa yana jiran NEPA ta yi halinta. A cikin akwatin nan ake tara rabin sirrin unguwa. Katin ɗaurin aure, takardar cinikin gida, kalandar saukar Islamiyya, kundin kammala karatun ɗaliban Jami'ar Bayero, duk suna ciki, kowanne da foldarsa. Ka dawo bayan wata shida, mai bugun zai ɗago kai ya ce, "Alhaji, na auren Hajiya ƙarama ko na filin nan?" Kafin ka gama amsawa ya buɗo.

Ba wai babu hanyar bincike ba ne. Windows XP da ta fito a 2001 tana da ita, har da ɗan kwikwiyo rawaya mai kaɗa bindi a gefen allo yayin da na'ura ke laluben fayil. Sai dai jinkirinsa ya isa mutum ya je ya yi alwala ya dawo, don haka ba a kiransa sai an rasa yadda za a yi. Kuma da Hausa kusan ba ya tsinana komai. Rubutunmu na lokacin da fon ɗin Rabi'at ko Abdalla ake yinsa, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar don haruffa masu lanƙwasa. A takarda ka ga ƙ da ɗ da ɓ tsaf, amma a cikin na'ura alamomin baka ne aka canza wa kama. Ka nemi kalma mai lanƙwasa, kwikwiyo ya dawo hannu rabbana. Dole ƙwaƙwalwar mai shago ta zama ita ce ma'adanar.

Yau kuwa, in akwatin bincike ya ɓace daga ƙasan allo, sai ofis ya tsaya cak.

Ba laifin yaran yanzu ba ne, haka aka raine su. Windows 7 ta 2009 ta saba wa mutane da rubuta haruffa biyu su ga abin da suke so, Windows 10 kuma ta 2015 ta shimfiɗa akwatin a fili kan zirin ƙasan allo. Tun daga nan aka daina tsara folda. Komai a zube yake wuri ɗaya, da sunaye irin "sabo", "sabo na biyu", "na ƙarshe".

Abin dariyar, gyaran yawanci bai kai a ɗauki na'ura a Adaidaita Sahu zuwa titin Beirut ba. Sau da yawa wani ne ya ɓoye akwatin binciken da kuskure: ka danna ɓangaren dama na maus a kan zirin, ka shiga wajen bincike, ka zaɓi a nuna akwatin. A Windows 10, in an kunna ƙananan maɓallan ziri, ko an mayar da zirin gefen allo, akwatin ba zai fito ba sai an mayar da su yadda suke. In yana nan amma ya ƙi karɓar rubutu, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka nemo Windows Explorer a jerin ayyukan da ke gudana ka sake tayar da shi. In yana nema amma ba ya gano fayil ɗin da ka tabbata yana ciki, jadawalin da na'ura ke ajiye sunayen fayiloli ne ya rikice, sai a sa ta sake gina shi, a ba ta lokaci. Kafin duk wannan, maɓallin Windows tare da S yakan buɗe binciken ko da akwatin ba ya nan.

Akwai kuma ranar da babu mai gyaran da zai iya komai. A ranar 5 ga Fabrairun 2020 akwatin binciken Windows 10 ya koma baƙi wuluk a ƙasashe da dama, saboda an ɗaure shi da Bing, kuma hanyar sadarwar da ke kai wa ga na'urorin Microsoft ta sami tangarɗa. Mutum na neman takardar da ke cikin akwatin da ke gabansa, amma sai an gyara wata waya a wata duniya. Kwikwiyon XP, duk da nawarsa, bai taɓa neman izinin intanet ba.

Kada dai a ɗauka da can aljanna ce. Masu gyaran lokacin magani ɗaya suka fi sani, wato fomatin. Cuta ta shigo ta filashi ta ɓoye folda, fomatin. Na'ura ta yi nauyi, fomatin. Ɗalibai nawa suka yi kuka a bakin shago saboda an share kundin da suka shekara suna rubutawa, alhali fayilolin na nan, ɓoye su kawai aka yi? Ta wannan fuska matasan yau sun fi mu sani nesa ba kusa ba.

Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin tsofaffin akwatunan da suka rage a shagunan cikin gari ba za su ɗauki Windows 11 ba. Mai irin wannan na'ura, ka kwafe takardun jama'a a wani wuri tun yau, ka sa wa kowacce sunan mai ita da shekarar da aka buga ta. In kuma akwatin bincike ya ɓace, wani ya ce maka sai an yi fomatin, ɗauki kayanka ka yi gaba.