Gashinta Ne, Ba Bashi Ba Ne



A Amurka akwai ƙungiyoyi masu karɓar gashi domin yi wa yara marasa lafiya hular gashi, kamar Locks of Love, wadda ba ta karɓar abin da ya gaza inci 10. Aikin tausayi ne, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsare mai dogon gashi a can da tambayar yaushe za ta yanke ta bayar, har ta ji kamar ta danne haƙƙin wani.

Kullum ina faɗa wa ɗalibaina a Islamiyya cewa sadaka sai da daɗin rai. To wadda kunya ta kai gaban almakashi, ina niyyarta take? Ga Musulma kuma akwai wata damuwar: hanin ƙarin gashi ya tabbata a Bukhari da Muslim, kodayake Shaikh Ibn Usaimin, Allah Ya jiƙansa, ya sauƙaƙa wa macen da ba ta da gashi sam, domin gusar da aibi ne. Mas'ala ce da ke buƙatar ta zauna ta tambayi malamai, masu matsa mata kuwa yau suke son amsa.