Kowace x Da y Ɗinta

Na sha ƙurar alli a makarantun sakandare na Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu tun muna ƙarƙashin Kano, kafin a yanka mana Jihar Jigawa a 1991. Abin da na tsinta a waɗannan shekaru shi ne, ba wuyar lissafi ke korar yara ba. Hadda ake ɗura musu, ba a koya musu tambayar da za su yi wa abin da ke gabansu. Darasin fankshin a aljabra shi ya fi tona wannan asiri.

A rubuta ikweshin a allo, a ce wa yaro ya faɗi ko fankshin ce, sai ido ya raina fata. Alhali tambaya ɗaya ce tak: idan na ba x wata lamba, y nawa za ta fito? In kullum ɗaya ce, fankshin ce. In ko sau ɗaya ta fito biyu, magana ta ƙare.

Ɗauki y = 2x + 3. Sa 4 a gurbin x, ka sami 11, ba wata amsa bayanta. To ɗauki x² + y² = 25, ka sa 3. Saura 16 ya rage wa y², kuma 4 ta biya, -4 ma ta biya. Amsa biyu ke nan, don haka ba fankshin ba ce. Wannan -4 ɗin ita yara ke mantawa, ta kuwa ci makin ɗalibai masu ƙoƙari a jarrabawa ba kaɗan ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne y = x². Yaro mai kaifin kai zai ɗaga hannu: "Malam, ai 2 da -2 duk 4 suka bayar!" Sai in ce masa: "Ɗana, uwa ɗaya tana haifar 'ya'ya goma, amma ka taɓa ganin ɗan da mata biyu suka haifa?" Kowace x 'ya ce, y ita ce uwa. Su taru a kan uwa ɗaya ba laifi.

Idan zane ne, zare da alli sun ishe ni. In danne bakin zaren da babban yatsa, in zagayo da'ira, in miƙa wa yaro rula ya tsayar da ita tsaye cak, ya ja ta daga hagu zuwa dama. Da ya ga ta taɓa zanen sama da ƙasa a lokaci guda, shi da bakinsa zai yanke hukunci. Alamar f(x) da suke jin tsoro, wadda Leonhard Euler ya shigo da ita a 1734, gajarta maganar kowace x da y ɗinta kawai take yi.

Girma ya sa na daina gaggawar yarda da abu don ya yi kama da gaskiya. Gwaji goma da suka dace ba su tabbatar da doka ba, amma ɗaya da ya saɓa ya isa ya rushe ta. Na yi aiki da wannan a sulhun dangi fiye da a aji.

Yau jikokinmu na neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da yawansu kuma kwamfuta suke so su karanta, fannin da fankshin ke cikinsa tsundum. Malamai 'yan'uwana, don Allah kafin ku ba yaro doka ya haddace, ku miƙa masa alli ya sa lamba ya gani da idonsa.