Ranar asibiti ba asarar kasuwa ba ce

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma na yi wa 'yata laifin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa. Na rubuta shi ne saboda iyaye irina, masu fita da sassafe su dawo bayan isha'i, suna ganin muddin an ɗora tukunya an biya kuɗin makaranta, to sun sauke haƙƙi.

Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake kiranta. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare ta fara sauyawa. Yarinyar da surutunta ke cika gida ta koma shiru, abinci sai an matsa mata, barci ya ƙaurace mata, Islamiyya ma sai da kuka. Na ce sangarta ce, na yi faɗa. Dangi suka ce iska ce, aka yi ta ruƙiyya. Mahaifiyarta, wadda ke koyarwa a firamare, ita ta dage sai an ga likitan ƙwaƙwalwa.

Likitan ya ce ciwon damuwa ne, kuma ba baƙon abu ba ne. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kan fara ne daga shekara 14 zuwa ƙasa. Ya ce mu ci gaba da addu'a, ya rubuta magani, ya sa mana ranakun dawowa don ya riƙa zantawa da ita. Ya ja kunnena cewa maganin kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ko ta ji sauƙi sai ta ci gaba da sha na aƙalla wata shida, ba a kuma yanke shi sai da saninsa.

Na ji da kunnena, amma zuciyata tana shago. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka ranar asibiti yini guda ce cur a kan layi. Ga kunya kuma. Ban taɓa faɗa wa maƙwabtana na kasuwa gaskiya ba, sai in ce ta'aziyya zan je, don tsoron kada a ce 'yar Alhaji ta taɓu, gobe a rasa mai neman aurenta. A hankali na sakar wa mahaifiyarta komai, ita ce neman izini a wurin aiki, ita ce kwana a zaune.

Da azumi ya kama, cinikin kayan sallah ya buɗe, sai na ga Mamana ta fara dariya tana taya aikin buɗa-baki. Na ce alhamdu lillahi ta warke. Maganin ya ƙare, na hana a sake saye. Mahaifiyarta ta ce, "Alhaji, ba haka likita ya ce ba." Na ce a bari sai bayan sallah.

Ba a daɗe da sallah ba ciwon ya dawo, har ya fi na farko. Na shiga ɗakinsu na tarar da ita kwance ta juya wa ƙofa baya. Atamfar da na zaɓar mata da hannuna tana nan cikin leda, sau ɗaya ta sa ta. Na ce, "Mamana, me ke damunki?" Ta daɗe kafin ta ce, "Baba, na gaji. Na san na zame muku nauyi, har kasuwa nake hana ka." Ashe duk tsakin da nake ja ranar asibiti tana ji, tana ƙirgawa a kanta.

Washegari da kaina na kai ta. Likitan bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Alhaji, da hawan jini gare ta, za ka tsayar da magani don ka ga ta yi dariya?" Na rasa amsa. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, don a daina ɗaukar masu wannan larura kamar abin ɓoyewa. Ƙasa ta sauya doka, ni uba ina nan kan tsohon tunani.

Abin da na gyara ba mai yawa ba ne, amma ya yi aiki. Na faɗa wa ƙanina da muke shago tare gaskiya, ya karɓi ranakun asibiti ba tare da ƙorafi ba. Ranakun nan a littafin shago nake rubuta su, kusa da basussukan da dole in biya. Ni da mahaifiyarta mun raba zuwan, mun kuma sanar da malamar ajinsu. Wasu ranakun kafin magariba nake rufewa, in zauna da ita ko da ba za ta ce komai ba. Ciniki ya ɗan ragu, ita kuma ta koma makaranta.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In yaronka ya yi makonni cikin shiru, ya bar abinci da wasa, kai shi a duba shi. In ya ambaci mutuwa, ranar za a tafi asibiti. Kada ka yanke magani da ra'ayinka, kada ka bar wa uwa nauyin ita kaɗai, kuma kada yaro ya taɓa jin kana lissafin abin da ciwonsa ya ja maka.