Makon Gnawa a Birnin Sawira

Daga Marrakesh zuwa Essaouira tafiyar kusan awa uku ce a mota, ana fuskantar yamma har sai iskar teku ta fara kaɗa wa mutum riga. Mutanen garin kuwa Sawira suke ce masa. Ƙaramin birni ne mai ganuwa a gaɓar Tekun Atilantika, wanda Sarkin Maroko Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ya gina a shekarun 1760 don ya zama mafitar kayan da fatake ke kawowa daga Timbuktu. Hanyoyin hamadar nan ba zinariya da gashin jimina kaɗai suka ɗauko ba, har da bayin Allah da aka raba da garuruwansu. Daga zuriyarsu ne Gnawa suka fito, kuma bikinsu ne ya kai ni can.

Tun 1998 ake yin bikin, galibi a watan Yuni. Da jerin gwano ake buɗe shi: ƙungiya bayan ƙungiya, da riguna masu launi da huluna masu adon wuri, ana dukan ganguna ana tsalle har zuwa dandalin Moulay Hassan kusa da tashar jiragen masunta. Kowace ƙungiya tana da mu'allim, shi ke riƙe da gimbiri mai tsirkiya uku da fuskar fatar raƙumi. Yaransa kuma suna kaɗa ƙarafan hannu da suke kira ƙaraƙib. Da jin ƙararsu gabana ya faɗi, domin sambanin matan ƙasarmu ne sak. A cikin waƙoƙin Gnawa akwai sashen da ake dangantawa da Bambara, akwai wanda ake dangantawa da Hausawa, ko da yake kalmomin sun narke cikin Larabcin Maroko.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amshi. Manyan wasannin a fili ake yin su, yawancin jama'a ba sa biyan ko sisi. Mu'allim zai ba da baiti, sau da yawa salatin Annabi ne ko ambaton waliyyai, sai dubban mutane su karɓa baki ɗaya da tafi. A gefena akwai wata dattijuwa da jikokinta, ga samari daga Kasabalanka da suka kwana a bakin teku saboda ɗakunan haya sun ƙare, ga Turawa da ba su san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Ba wanda ya tambayi wani daga ina yake. Idan ka kuskure tafi, na kusa da kai zai kama hannunka ya gyara maka, kafin a tashi kun sha ruwa a gora ɗaya. Wannan waƙa ba ta cika sai da masu amsawa, saboda haka duk wanda ya tsaya a dandalin ya zama ɗan ƙungiya, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Dole a tuna inda aka fito. A da, mutane da yawa a Maroko kallon mabarata suke wa Gnawa, masu kiɗa a kasuwa don a jefa musu 'yan kuɗi. Yau manyan makaɗan duniya ke zuwa su tsaya kafaɗa da kafaɗa da su. A 2014 Marcus Miller na Amurka ya yi wasa da Mu'allim Mustapha Bakbou. A 2019 UNESCO ta sa al'adar Gnawa cikin gadon ɗan Adam da ya cancanci kiyayewa. Ina ganin bikin nan ne ya share wannan hanya, kuma hakan ya fi kuɗin da otal-otal da masu gasa kifi ke samu daraja.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Asalin kiɗan nan na lila ne, zaman dare har asuba a cikin gida, da turare da yanka da tufafi masu launi bakwai, ana nema wa marar lafiya sauƙi. Wasu dattawa na ganin dandali ya ɗauki sautin ya bar sirrin. Ƙorafinsu abin saurare ne. Sai dai wanda ya ga yadda yaran unguwa ke zaune a lungu suna koyon gimbiri zai gane cewa sana'ar ta sami magada, har da mata, irin su Asmaa Hamzaoui da ƙungiyarta Bnat Timbouktou.

Mutanen Sawira har yanzu suna ba da labarin daren rufe bikin 2015. Mu'allim Mahmoud Guinia, ɗan garin kuma gwanin gwanaye, ya hau dandali jikinsa ba ƙwari, ya miƙa wa ɗansa Houssam gimbirinsa a gaban jama'a. A watan Agustan shekarar ya rasu.