Ɗakin da Ba Ya Riƙe Sirri

Mu shida ne a ofis ɗaya a Kazaure, kuma mun daɗe muna zargin juna da surutu. Ginin sabo ne: ƙasa tayil, bango siminti mai sulɓi, tagogi gilashi, sama farin silin. Ranar da muka tare murna muka yi ta yi. Ba a yi wata guda ba muka fara tashi daga aiki da ciwon kai.

Wata Talata wani dattijo ya zo daga wani ƙauye a Gwiwa kan takardar gonar gado. Ya zauna, ya sassauta murya yadda ake yi wa maganar gida. Fanka na juyawa, mutum biyu na waya, janareta na ruri a bayan taga. Sau uku muna ce masa, "Baba, a ɗan ɗaga murya." Da ya ɗaga, kowa ya ji sunan ƙanensa da suke rigima, har da wata mata daga Babura da ke jiran layi a bakin ƙofa. Ya tattara takardunsa ya ce, "'Ya'yana, a zauren gidana ko raɗa na yi kun ji ni." Ya fita, ya bar mu da kunya.

Da azumi ya zo muka shimfiɗa babbar darduma a rabin ɗakin saboda salla, muka rataya labule mai kauri saboda rana. Sai ofis ya yi lum. Muka ce ai yunwa ce ta kashe mana baki. Bayan salla aka naɗe darduma, aka cire labule, hayaniya ta dawo a ranar. Nan muka gane ashe da hannun ɗakin a ciki.

Sauti idan ya bugi abu mai tauri da sulɓi dawowa yake yi, kamar yadda duwatsun Roni ke mayar wa makiyayi kiransa. A ɗakin siminti da tayil, kalma ba ta gama mutuwa ba wata ta hau kanta. Sai kowa ya ƙara murya don a ji shi, ɗakin kuma ya ƙara mayarwa. Amma idan sautin ya shiga abu mai laushi da ƙananan ramuka, irin darduma ko auduga, sai ya yi ta gogayya da zaruruwa har ƙarfinsa ya koma ɗan ɗumin da hannu ba ya ji. Zauren Baba, da bangon ƙasa da tabarmi da buzu, ya daɗe yana wannan aiki.

Abin da muka yi tuntuɓe da shi, wani ya riga ya auna. A 1895 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta ɗora wa wani matashin malami, Wallace Sabine, gyaran wani ɗakin lacca inda kalma kan wuce daƙiƙa 5 tana amsa-kuwwa. Da dare shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga wani zaure, su jera, su busa sauti, su duba agogo. Yawan matasai, saurin mutuwar ƙara. Daga nan aka samo lissafin da masu zanen gini ke aiki da shi har yau.

Yanzu a kan wannan ilimi ake ƙera fitilun ofis masu tsotse ƙara. Ana narka gorunan roba na ruwan sha, a mayar da su zare, a danne su zama fallaye kamar bargo mai kauri, a kewaye ƙwan LED da su. Wannan ƙwan ba ya zafi irin na da, shi ya sa zai iya zama kusa da zare. Fitilar kuma a rataye take a saman tebur, daidai inda ake magana, ga shi duka fuskokinta biyu suna kama sauti. Sai dai tana da iyaka: muryar mutane take ragewa, ba ta iya wa rurin janareta, ba ta kuma tare ƙarar da ke shigowa ta taga.

Ba mu da kuɗin irin wannan fitila. Mun dai mayar da darduma da labule, muka sa tela ya ɗinka mana katifu sirara da ragowar yadi, muka rataya su a bango nesa da wayar wuta. Janareta kuma muka roƙa aka matsar da shi bayan katanga. A kusurwar labule muka ajiye kujera ɗaya don masu maganar gida. Mutane da yawa sun zauna a kai sun faɗi damuwarsu a hankali, mun kuma ji su. Dattijon Gwiwa dai har yau bai dawo ba.